Sitikar da Baba Ya Ɓare

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da ƙaramin yaronku da har yau a hoto kawai muka san shi. Allah ya ƙara maka juriya a kan aikin nan naka, ya sa albarka a abin da kake nema, ya tsare ku a inda kuke, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa kujera tana sauko da tukwane daga saman kabad, an hana ta an gaji. Auta ya samu aikin da yake ta bi a wani kamfanin kai kaya, yanzu ko gaishe mu zai yi sai yana kaɗa makullin babur a yatsa. Maigidana yana nan yadda ka san shi, ba ya rasa shawarar da zai ba mutum ko ba a tambaye shi ba. Ni kuma ina shagon ƙofar gida ni da kekena, ɗinki ya yi mini yawa har wasan ɓuya nake yi da masu kaya.

Na san za ka ce me ya sami Yaya ta zauna rubuta takarda alhali ga waya a hannu. Dalili shi ne duk sanda ka kira, a falo ake ɗauka, a buɗe murya kowa ya ji, Baba yana kishingiɗe a gefe, kuma maganar da zan yi maka ba ta gaban Baba ba ce. Ka daɗe kana tambayar abin da ya hana 'yarka hawa gem, na'urar wasan nan da ka saya mata, ku buga ƙwallonku na ƙarshen mako, mu kuma muna ta ce maka intanet ne ba kyau. Ba intanet ba ne. Na'urar ce ta lalace, kuma an gyara ta, tana nan cikin kwalinta lafiya ƙalau. Amma a wajen neman gyaran mun taɓa Baba a inda bai kamata ba, kuma abin ya hana ni sukuni. Ka yi haƙuri ka karanta a natse, zan faɗa maka daga farko.

Ka san yadda yarinyar nan ta ɗauki gem ɗin nan tun ranar da motar kantin ta kawo shi. Ita da ba ta iya hira da kai a waya, sai eh da a'a kamar ana yi mata tambayoyin jarrabawa, in ta riƙe abin wasan nan a hannu kuna bugawa, har bakin titi nake jin muryarta tana yi maka tsiya wai ba ka iya tsaron gida ba. Ni ban san kan wasan ba, amma na san nan ne kaɗai take samun mahaifinta. To, kwanakin baya sai na'urar ta fara wata irin ƙara kamar injin markaɗe, ta yi zafi rau, ana tsakiyar wasa ta ɗauke ɗif. 'Yar taka Lauya kuwa, ai ba a banza Baba ya laƙaba mata wannan suna ba, ta ɗauko ɗan littafin da ke cikin kwalin ta karance shi tas, ta zo ta same ni a shago ta ce garantin bai ƙare ba, a mayar da ita kantin da aka saya tare da rasit, kuma kada kowa ya buɗe ta. Har ta juya na'urar ta nuna mini wata 'yar sitika mai ƙyalli da aka manna a kan sukuru, ta ce in aka taɓa wannan an gama. Na ce mata na ji, ta bari in sallami kayan da ke gabana mu je tare. Kayan nan suka ƙi ƙarewa. Yau in ce gobe, gobe in ce jibi, ita kuma kullum sai ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. Da na rufe shagon nan na yini ɗaya, da ban zauna rubuta maka wannan ba.

Sauran kuma ka san tushensa, don da kai aka fara, kada ma ka ce za ka zame. Ka tuna bayan Baba ya bar mini shagon, ya kwashe kayan gyaran rediyonsa ya koma ɗan teburin nan na baranda, idonsa ya fara hazo, hannunsa ya fara rawa. Ka tuna fankar falo da ya kwance ya kasa haɗawa, ya yini bai ci abinci ba, kai kuma ka saci jiki ka kai wa Dogo, tsohon yaron shagonsa da ya buɗe nasa wurin a bakin kasuwa, ka dawo da ita ka ajiye a inda take. Da Baba ya jona ta tashi, ai ka ga fuskarsa. Tun daga ranar abin ya zame mana al'ada a gidan nan. Komai ya lalace a miƙa wa Baba, ya sa gilashinsa na ƙara girma, ya kwance, ya hura, ya ɗan ɗiga dalma, ya ɗaure, ya ce a bar shi ya huta zuwa gobe. Da ya fita wurin abokan hirarsa sai Auta ya sunkuci abin ya kai wa Dogo, kafin ya dawo an mayar. Dutsen gugana ya bi ta nan, butar lantarki ta bi, injin kekena ma ya bi. Dogo bai taɓa buɗe baki ba, in ma sun haɗu a hanya durƙusawa yake yana ce masa maigida. Mu kuma mu yi ta zuba masa kirari, Inna ta ce ai hannun nan ba ya tsufa, Lauya tana kiransa Injiniya. Ban taɓa ganin laifin abin ba, kuma ko yanzu ban ce mugunta muka yi ba. Amma mun manta cewa mutumin da ake gaya wa kullum ya iya, wata rana zai yarda har zuciyarsa.

Ranar da abin ya faru na tafi sayo zare da maɓallai, Lauya tana makaranta. Baba ya tambayi Inna wai me ya sa kwana biyu bai ji ihun Lauya da ubanta ba. Inna ta ce abin wasan ne ba lafiya. Ya ce a kawo masa. Ita kuma baiwar Allah, a ganinta wannan da fanka duk ɗaya ne, ya ɗan taɓa ya ji daɗi, Auta ya kai wa Dogo. Da hannunta ta ɗauko ta dire masa a tebur, har da goge ƙura. Na dawo na tarar da shi ya gama ɗaurewa yana share hannu da tsumma, baki har kunne. Ya ce mini ƙura ce kawai ta toshe mata numfashi, kayan zamani ba su da wani sirri, duk ƙyale-ƙyale ne. Sai idona ya kai gefen teburin. Ga sitikar nan ya bi ta da reza a hankali ya ɓare, ya manna ta a bakin katako don kada ta ɓata, wai in an tabbatar ta tashi sai ya mayar musu da abarsu. Wallahi sannu da aiki kawai na iya ce masa.

Da Lauya ta dawo ta gani, ban taɓa ganin yaro ya haɗiye abu kamar yadda ta haɗiye ba. Ta kalli sitikar, ta kalle ni, ta ce wa kakanta sannu Injiniya, ta shige ɗaki. Washegari Auta ya kai wa Dogo kamar yadda aka saba, sai ga shi ya dawo da ita a hannu. Dogo ya ce wannan ba aikinsa ba ne, ba shi da kayanta, ba shi da ma irin sukudireban da ake kwance ta, kuma da ya leƙa ya ga wata siririyar waya mai faɗi kamar takarda ta yage a ciki. Da can tana ƙara ta ɗauke, yanzu ko fitila ba ta kawowa. Baba ya jona ya ga shiru, ya ce a ƙara mata kwana. Wannan ne karo na farko da dabararmu ta ƙi ci.

Na rufe shago, abin da ya kamata in yi tun farko, muka ɗauki kwali da rasit muka tafi kantin ni da Lauya. Ka san wurin, sanyi kamar cikin firji, talabijin jere a bango duk suna nuna abu ɗaya. Yarinyar da ke kan kanta ta karɓe mu da fara'a, ta duba rasit ta ce ai ba matsala, muna cikin lokaci. Tana juya na'urar ta ga gurbin sitikar, fara'ar ta ragu, ta ce mu ɗan jira ta kira manaja. Shi ma bai yi mana rashin mutunci ba, gaskiya. Ya buɗe ɗan littafin ya sa yatsa a kan wani rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, ya ce duk wanda ya buɗe na'ura ba a wurinsu ba, garanti ya faɗi, hannunsa a ɗaure yake. Lauya ta tsaya kai da fata ta ce ai kafin a buɗe ta lalace, ta fito da waya ta nuna masa bidiyon da ta ɗauka tana ƙarar nan, wanda ta yi niyyar turo maka ta fasa don kada hankalinka ya tashi. Ya kalla, ya ce ya yarda da ita, amma yardarsa ba ta canza abin da kamfani ya rubuta. Ya kawo mana shawarar mu sayi sabuwa, wai akwai rangwame. Raina ya ɓaci matuƙa. Abin da ka sha wahala ka saya wa 'yarka, a ce ƙaramar takarda da ba ta kai farcen yatsa ba ta fi shi daraja. Muka fito da kwalinmu muka kamo hanyar gida.

Maigidana da ya ji, nan take ya kawo tasa, wai a mayar da sitikar a shafa gam a kai wani reshen kantin inda ba su san mu ba. Lauya ta nuna masa cewa in aka ɓare ta wani zane ne yake fitowa a jiki wanda ba ya ɓoyuwa, ni kuma na ce masa ko yana ɓoyuwa ba da ni ba, ƙaryar da muke yi a cikin gida ma ta ishe ni. Ana haka sai wata mata da nake yi wa ɗinki ta zo gwajin riga ta ga fuskata, na ba ta labari sama-sama. Ta ce kada mu tsaya a bakin manaja, akwai ofishin kare haƙƙin masu sayen kaya, ita ma can aka raba ta da masu firji. Ni duk zamana ban san da shi ba. Muka je, wani ɗan ɗaki ne a hawa na sama, kujerun roba da fayil-fayil har ƙasa. Jami'ar da muka samu ta saurare mu har ƙarshe ba ta katse mu ba. Ta ce garantin kamfani daban, haƙƙin wanda ya sayi kaya da kuɗinsa daban, in har za a iya nuna cewa ciwon daga masana'anta ya taho, ɓare sitika ba lallai ya wanke su ba, sai dai abin da mai buɗewa ya ɓata da hannunsa, wannan namu ne. Ta ce za ta kira kantin su zo da mai gyaransu a buɗe na'urar a gaban kowa, kuma zai fi kyau wanda ya buɗe ta ya zo da kansa ya faɗi abin da ya taɓa. Lauya ta fito tana murna kamar ta tashi sama. Ni kuwa ban yi murna ba, don na san wanda za a kawo.

Na so in hana, na ce wa Baba ba sai ya wahalar da kansa ba, zan faɗa musu a madadinsa. Ina! Cewa ya yi ai irin wannan zama nasu ne na masu sana'a, mata da yara ba za su gane bayanin ba. Ya sa aka goge masa kayansa masu kyau, ya fesa turare, ya ɗauki ƙaramin akwatin kayan aikinsa ya riƙe a cinya har muka isa. Mai gyaran kamfanin wani matashi ne mai sanyin magana. Ya kwance na'urar a kan teburin jami'ar, ya juya fankar ciki da yatsa ya nuna ta cije, ya ce wannan ciwon masana'anta ne, sun sha ganin irinsa, kuma ya yi daidai da ƙarar da ke cikin bidiyon. Na ji wani sanyi a raina. Sai ya ɗago siririyar wayar nan da ɗan hantsaki, ya ce wannan kuma hannu ne ya ja ta ba ta inda ake ja ba. Jami'ar ta ce to magana ta zo da sauƙi, kamfani ya ɗauki fanka, mu mu ɗauki waya, in kowa ya amince a sa hannu a tashi.

Baba ne ya ƙi. Ya gyara zama ya ce shi bai yaga komai ba, tun kafin a haifi iyayen yaron nan yake cikin rediyo da talabijin, kuma abu bai taɓa shiga hannunsa ya fita da sabon ciwo ba. Ya fara lissafa musu, fankar falo, dutsen guga, butar lantarki, injin keken 'yarsa, duk a 'yan shekarun nan da ake cewa ya tsufa, ya ce a tambaye mu ga mu nan zaune. Ya ce wayar a yage suka sayar da ita, su biya duka. Manajan ya ce in haka ne ba su amince ba, a mayar da maganar sama, a nemo wani mai binciken, kuma su a nasu ɓangaren sun janye tayin fankar har sai an gama. Jami'ar ta ce hakan zai ɗauki lokaci mai tsawo. Ina kallon Lauya ta cika ta yi fam. Na miƙa hannu zan riƙe ta, ban kai ba. Ta miƙe tsaye ta ce masa ya daina, shi bai gyara ko ɗaya ba, duk Dogo ne, Auta ne yake kaiwa in ya fita, kowa a gidan ya sani, kuma saboda shi za ta rasa abin da babanta ya saya mata.

Ƙanena, ka san me ya yi? Baba bai kalle ta ba, ni ya kalla. Da zan iya ƙaryata ta da ido ɗaya da na yi, amma kaina na sunkuyar, kuma wannan ya ishe shi amsa. Matashin nan ya shiga tattara sukurori kamar bai ji ba, Allah ya yi masa albarka. Can Baba ya sauke akwatinsa daga cinya ya ajiye a ƙasa, ya ce wa jami'ar ta rubuta cewa shi ya yaga wayar, ya kuma ba mai gyaran haƙuri a kan musun da ya yi masa. Aka miƙo masa biro ya sa hannu. Haka aka sasanta. Suka canza fanka kyauta, muka biya waya, suka manna sabuwar sitika, jami'ar ta ce mun yi daidai da muka bi haƙƙinmu, da yawa a bakin kanti suke haƙura. Na yi mata godiya, amma ban ji kamar wadda ta ci nasara ba.

Da muka dawo gida bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tambayi Inna tun yaushe, ta ce tun fanka, ya gyaɗa kai. Washegari ya sa takalmi ya tafi bakin kasuwa da ƙafa. Dogo ne ya kira ni daga baya, ya ce maigida ya zo ya tsaya a gaban shagonsa ya yi masa godiya a kan wahalar da ya sha da kayan gidanmu, ya kuma yaba masa aikin injin keke, wai ɗaurin ya yi kyau. Dogo ya ce da ƙasa za ta tsage da ya shige. Tun ranar Baba bai sake zama a teburin baranda ba. Inna ta fara ɗora kwanuka a kai, na ce ta sauke, ta ce to a bar shi haka yana kallon mutane ne. Yana cin abinci, yana fita wurin abokansa, yana amsa gaisuwa, amma ya yi shiru irin wanda ban san shi da shi ba. Kwan fitilar bayi ya mutu, da can kafin a rufe baki ya jawo kujera, wannan karon cewa ya yi a jira Auta.

Ita kuwa 'yarka, kada ka yi mata faɗa, ta riga ta yi wa kanta wanda ya fi naka. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta je ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ya dafa kanta ya ce ai aikin lauya ke nan, faɗin gaskiya a gaban hukuma, ya yi 'yar dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Yanzu ta rasa sunan da za ta kira shi. Injiniya ya ƙi fita daga bakinta, in ta ce Kaka kuma sai su duka biyun su ji wani iri. Gem ɗin tun da aka dawo da shi ta tura shi ƙarƙashin gado, ko igiyar kwalin ba ta kwance ba. Na ce ta jona ku buga, ta ce ba ta so ya ji ƙararsa. Ni ban ga laifinta ba. Yarinya ce, mu manya muka ɗora mata sirrin da ya fi ƙarfinta, muka kuma kai ta inda dole ya fashe. Tun farko ita kaɗai ce ta faɗi abin da ya dace, a mayar kanti kada a buɗe, babu wanda ya saurare ta.

Abin da nake roƙonka biyu ne. Ka kira Baba a wayarsa, ba ta falo ba, kuma don Allah kada ka ce masa ai hannunsa yana nan, ya gaji da jin wannan daga bakinmu. Ka gaya masa da kai aka fara da dalilin da ya sa, ka bar shi ya faɗi abin da ke ransa ko da zagi ne, don mu nan ya ƙi faɗa mana. Sannan ka kira Lauya ka ce kai kake son wasan, ka matsa mata, wataƙila in ta ji daga bakinka ta jawo kwalin. Kuma nan gaba in za ka aiko da wani abu mai garanti, ka gaya wa Inna da bakinka cewa ba na taɓawa ba ne, ta fi jin maganarka a kan tawa.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce mata rigar da ta ce in ɗinka mata tana nan na yanka, ba zan ce gobe ba don na daina faɗin gobe. Ka shafa mini kan ƙaramin. Inna tana gaishe ku, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci, a hoto ta ga ka rame. Auta yana gaisuwa, maigidana da yaran duk suna gaisuwa, Gwaggo ma da ta zo dubiyar ƙafar Inna ta ce in na rubuto in sa sunanta. Baba ban gaya masa ina rubutu ba, amma na san da ya sani da ya sa maka albarka.

Ɗazu da safe ina buɗe shago sai ga shi ya shigo, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya tsaya yana kallon bangon da a da allon kayan aikinsa yake rataye, sannan ya fito da ƙaramin rediyonsa na jin labarai daga aljihu ya ajiye mini a kan keke. Ya ce tun jiya ya ƙi magana, in zan wuce ta bakin kasuwa in kai wa mutumin namu. Na juya rediyon a hannuna, ko murfin baya bai buɗe ba. Na ce masa Baba ko batir ne, ka duba mana. Ya ce a'a, a kai wa wanda ya iya. Rediyon yana nan a gabana ina rubuta maka wannan, na kasa kaiwa, na kuma kasa mayar masa.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka